Billy Meredith da fam 10 ɗin da ya girgiza ƙwallon ƙafar Ingila

Tun kafin duniya ta san Stanley Matthews ko George Best, akwai wani siririn mutum mai gashin baki, wanda ba a raba shi da tsinken sakace a gefen baki, da masana tarihin wasanni da dama ke ɗauka a matsayin tauraro na farko a fagen ƙwallon ƙafar Birtaniya.

Sunansa William Henry Meredith, amma an fi saninsa da Billy Meredith. Ya taka leda a Manchester City da Manchester United, ya ci wa kowaccensu kofi, kuma bai bar fili ba sai da ya kai shekaru 49 da haihuwa.

Sai dai ba a ba da tarihinsa ba tare da an ambaci fam 10 ba. Wannan shi ne kuɗin da aka same shi da laifin yi wa wani ɗan wasan Aston Villa tayinsa a shekarar 1905 domin ya sayar da wasa. Wannan ɗan kuɗi ya raba shi da fili fiye da shekara ɗaya da rabi, ya wargaza ƙungiyar Manchester City ta wancan zamani, ya kuma ɗora Manchester United a kan turbar cin kofinta na farko.

Daga ramin kwal zuwa fili

An haifi Meredith ranar 30 ga watan Yulin 1874 a Chirk, wani ƙaramin gari na masu haƙar kwal a arewa maso gabashin yankin Wales, dab da kan iyaka da Ingila.

Iyayensa mabiya ɗariƙar Methodist ne masu tsananin riƙo da addini, kuma tarbiyyar gidan ta bi shi har tsufa, domin an san shi da ƙaurace wa barasa.

Yana da shekaru 12 ya shiga ramin kwal na Black Park, inda aka ba shi aikin kora ƙananan dawakin da ke jan kekunan kwal a ƙarƙashin ƙasa. Ya shafe kimanin shekaru 8 a wannan aiki.

Chirk ƙaramin gari ne, amma ya yi suna wajen fitar da 'yan ƙwallo, musamman saboda wani malamin makaranta mai suna T. E. Thomas da ya ɗauki koyar da yara wasan da muhimmanci. Yayan Billy, wato Sam Meredith, shi ma ya buga wa Wales da kulob ɗin Stoke.

Billy ya fara da ƙungiyar garinsu, inda suka ci kofin Wales a 1894. A daidai wannan lokaci yana kuma buga wa Northwich Victoria da ke rukuni na biyu na gasar Ingila, kuma a can ne idon Manchester City ya kai kansa.

Ya sa hannu a City a ƙarshen 1894, amma da farko ya ƙi barin aikin kwal. Sai ya yi mako yana rami, ranar Asabar ya hau jirgin ƙasa ya je ya buga wasa ya komo. Wasansa na farko da Newcastle United ne, aka ci su 5 da 4. A mako na gaba ya zura ƙwallo biyu a ragar maƙwabtansu Newton Heath, kulob ɗin da aka sauya wa suna zuwa Manchester United a 1902.

Daga bisani ya bar ramin ya koma cin abinci da ƙwallo kaɗai, kuma yana da shekaru 21 aka ba shi kyaftin.

A gefen dama yake wasa, wurin da masu kallo a yau ke kira lamba bakwai. Gwani ne wajen yanke mai tsaron baya da ɗago ƙwallo daidai kan abokin wasa, kuma a shekarunsa na farko yana cin ƙwallaye kamar ɗan gaba. Taba ya saba taunawa tun yana rami, daga baya ya maye gurbinta da tsinken da ya zama alamarsa a zanen barkwanci na jaridu.

Ranar 23 ga watan Afrilun 1904, a filin Crystal Palace da ke Landan, a gaban 'yan kallo sama da 61,000 ciki har da Firayim Minista Arthur Balfour, Meredith ya ci ƙwallo ɗaya tilo da ta ba City nasara a kan Bolton Wanderers a wasan ƙarshe na kofin FA. Magoya bayan Bolton sun daɗe suna cewa satar gida ya yi. Ko ma dai mene ne, wannan shi ne babban kofi na farko da ya shiga birnin Manchester.

Dokar fam huɗu

Ba za a fahimci abin da ya biyo baya ba sai an san yadda ake kallon kuɗi a wasannin Ingila a wancan zamani.

Waɗanda suka kafa hukumar ƙwallon ƙafa ta FA a 1863 'ya'yan masu hali ne da suka fito daga manyan makarantu, kuma a wurinsu wasa abin nishaɗi ne da bai kamata a karɓi lada a kansa ba. Amma a garuruwan masana'antu na arewacin Ingila, masu buga wasan leburori ne, waɗanda in sun bar aiki ranar Asabar sai an yanke musu kuɗin yini.

Wannan saɓani ne ya raba wasan ƙwallon zari-ruga gida biyu. Ranar 29 ga watan Agustan 1895, wakilan kulob-kulob na arewa suka taru a otal ɗin George da ke Huddersfield suka ɓalle daga uwar hukumarsu, saboda ta hana a biya ɗan wasa diyyar aikin da ya rasa. Ƙungiyoyi 22 ne suka fara sabuwar gasar, wadda ita ce asalin zari-rugar lig mai 'yan wasa 13. Ɓangaren da aka bari bai amince da biyan albashi ba sai a 1995, shekaru 100 cif bayan haka.

Ƙwallon ƙafa ba ta rabu ba, domin FA ta halatta biyan 'yan wasa tun 1885. Amma an halatta ne da sharaɗi. A 1901 aka kafa dokar cewa babu ɗan wasan da za a biya fiye da fam 4 a mako, aka kuma hana ladan nasara. Ga kuma wata ƙa'ida da ta ba kulob ikon riƙe rajistar ɗan wasa ko da kwantiraginsa ya ƙare, ta yadda ba zai koma wani wuri ba sai da yardar masu shi.

Fam 4 ya zarce abin da mai haƙar kwal ke samu nesa ba kusa ba. Amma mutumin da dubban jama'a ke biyan kuɗin ƙofa domin su gan shi ya san lissafi, kuma shugabannin kulob ma sun sani. Saboda haka sai kuɗi ya koma bi ta ƙarƙashin tebur, littattafan kulob na faɗin abu ɗaya, aljihun 'yan wasa na faɗin wani.

City na cikin waɗanda FA ta sa wa ido. Tun a 1904 ta ci kulob ɗin tarar fam 250, ta kuma rufe filinsa na Hyde Road na wata guda, saboda maguɗin da aka gano wajen sayen 'yan wasa biyu daga Glossop.

Rigimar filin Villa

A ranar ƙarshe ta kakar 1904 zuwa 1905, wato 29 ga watan Afrilu, City ta je Birmingham domin karawa da Aston Villa tana da maki daidai da na Newcastle. Tana bukatar nasara in har tana son ta ci gaba da sa rai da kofin lig. Ita kuwa Villa makonni biyu ke nan da cin kofin FA, ba ta da sauran abin nema a gasar.

Wasan ya rikiɗe ya koma dambe. Alec Leake na Villa, wanda ke buga wa Ingila, da Sandy Turnbull na City suka ba hamata iska a tsakiyar fili, kuma rigimar ta bi su har ɗakin sauya kaya. Villa ta yi nasara da ci 3 da 2. Newcastle ta ɗauki kofi, City ta ƙare a matsayi na uku.

FA ta kafa kwamiti domin binciken faɗan, kuma kowa ya zaci a nan maganar za ta tsaya. An dakatar da Turnbull na wata guda. Amma a cikin shaidun da aka saurara a asirce sai wata magana ta fito: Leake ya ce Meredith ya yi masa tayin fam 10 domin Villa ta saki wasan.

A watan Agustan 1905 aka sanar da dakatar da kyaftin ɗin City na tsawon kakar wasa guda.

Labarin ya girgiza Manchester. Meredith ya musanta zargin, kuma akasarin mutanen birnin sun gaskata shi. Mutum ne da ba ya shan giya, ba a san shi da rigima ba, kuma da yawa sun ɗauka cewa manyan FA ne kawai ke jin haushin yadda wani kulob na talakawa ya taso cikin hanzari.

Wani abin lura shi ne, ko da Villa ta karɓi kuɗin ta saki wasan, da wuya kofin ya je Manchester. Newcastle ta doke Middlesbrough da ci 3 da nema a wannan rana, kuma ta fi City kyawun lissafin ƙwallaye.

Allura ta tono garma

Da a ce City ta riƙe Meredith hannu biyu a lokacin dakatarwar, mai yiwuwa da maganar ta mutu a nan.

Amma dokar FA ta hana biyan ɗan wasan da ke ƙarƙashin hukunci, kuma shugabannin kulob ɗin, waɗanda suka san ana duba littattafansu, sun ji tsoron ba shi ko kwabo. Meredith ya riƙa zuwa Hyde Road yana neman abin da yake ganin haƙƙinsa ne. Daga ƙarshe kulob ɗin da ya yi wa kyaftin shekaru 10 ya kai ƙararsa gaban hukuma.

A nan ne ya sauya magana. Ya shaida wa FA cewa lalle an yi tayin, amma shi ɗan aike ne kawai, kuma manajan kulob ɗin Tom Maley ne ya sa shi, da sanin sauran 'yan wasa. Maley ya musanta hakan. Meredith bai tsaya nan ba, ya fasa ƙwai a kan batun albashi: ya ce shekara da shekaru City na biyan 'yan wasanta fiye da fam 4, shi kansa fam 6 yake karɓa, kuma wannan ne sirrin nasarorin da ta samu.

Hukuncin da ya fito a watan Mayun 1906 na daga cikin mafiya tsanani da aka taɓa yanke wa wani kulob a Ingila. An haramta wa Maley da tsohon shugaban kulob ɗin Waltham Forrest shiga harkar ƙwallo har sai abin da hali ya yi. An ci kulob ɗin tarar fam 250. 'Yan wasa 17 aka ci tarar da jimillarta ta kai fam 900, aka dakatar da su zuwa ranar 1 ga watan Janairun 1907, aka kuma hana su sake sa rigar City.

Masu son Meredith kan nuna shi a matsayin wanda aka zalunta. Gaskiyar ita ce ba a wanke shi ba, kuma shi da bakinsa ya amsa cewa ya isar da tayin bayan ya shafe watanni yana rantsuwa cewa ƙarya ake yi masa. Bai kuma tona asirin kulob ɗin don kishin gaskiya ba, sai da aka hana shi kuɗi.

Amma ita ma hukumar ba ta fita da hannu mai tsabta ba. Kowa a harkar ya san ba City kaɗai ke karya dokar fam 4 ba. Kuma duk wanda ya auna hukuncin biyu zai ga abin da ya fi ɓata wa FA rai: yunƙurin sayen wasa ya jawo wa mutum ɗaya dakatarwar kaka guda, biyan ma'aikaci fiye da abin da aka ƙayyade kuwa ya rushe ƙungiya sukutum.

Shi Maley an ɗage masa takunkumin bayan 'yan shekaru, har ya koma ya jagoranci Bradford Park Avenue daga 1911.

Faɗuwar wani, tashin wani

Tilas City ta sayar da 'yan wasanta, aka kuma shirya yin gwanjonsu a otal ɗin Queen's da ke Manchester. Wakilan manyan kulob-kulob suka yi shiri, ba su san an riga su ba.

Ernest Mangnall, sakatare kuma manajan Manchester United, wadda ta hau rukuni na ɗaya a wannan shekara ta 1906, ya riga ya kammala da Meredith tun yana cikin hukunci. Ya kuma kwashe Sandy Turnbull da Herbert Burgess da Jimmy Bannister kafin sauran su farga.

Ranar 1 ga watan Janairun 1907 Meredith ya fito a karon farko cikin jar riga, kuma abokan karawar ba wasu ba ne illa Aston Villa. Ya ɗago ƙwallo daga gefen dama, Turnbull ya sa mata kai, United ta ci 1 da nema.

A 1908 United ta ɗauki kofin lig na farko a tarihinta, da tazarar maki 9. A 1909 ta ci kofin FA na farko bayan doke Bristol City da ƙwallon Turnbull. A 1910 ta tare a sabon filinta na Old Trafford, a 1911 ta sake cin lig.

City kuwa ta faɗa rukuni na biyu a 1909, kuma ba ta sake ɗaga wani babban kofi ba sai a 1934. Masu musun United da City a gidajen kallon ƙwallo ba kasafai suke sanin cewa tubalin farko na ɗaukakar ɗaya daga ɓaraguzan ɗayar aka ɗebo shi ba.

Ƙungiyar korarru

Watannin da Meredith ya yi a zaune babu albashi sun sauya masa tunani game da matsayin ɗan wasa. Akwai kuma abubuwan da ya gani da idonsa tun kafin nan.

A 1902 abokin wasansa a City da Wales, Di Jones, ya yanke a gwiwa a wani wasan share fage, ciwon ya ruɓe, ya mutu cikin 'yan kwanaki, kulob ɗin kuma ya ƙi ɗaukar alhaki. A 1907 wani ɗan wasan United, Tommy Blackstock, ya yanke jiki ya faɗi bayan ya sa wa ƙwallo kai a wasan 'yan benci, bai tashi ba.

Ranar 2 ga watan Disamban 1907, a otal ɗin Imperial da ke Manchester, Meredith ya shugabanci taron da aka kafa ƙungiyar ƙwadago ta 'yan wasa, tare da kyaftin ɗin United Charlie Roberts. An taɓa gwada irinta a 1898 amma ba ta yi ƙarko ba. Bukatunsu su ne a soke iyakar albashi, a ba ɗan wasa 'yancin sauya kulob, a kuma biya diyya ga wanda ya ji rauni ko iyalan wanda ya mutu.

Da farko FA ta amince da ƙungiyar. Amma a 1909, da ta ga 'yan wasan na shirin haɗewa da babbar tarayyar ƙungiyoyin ƙwadago ta ƙasa, sai ta janye amincewar, ta umarci kowa ya fice ko a dakatar da shi.

Akasarin 'yan wasan ƙasar suka bi umarni. Na United suka ƙi. Aka tsayar musu da albashi, aka rufe musu ƙofar filin atisaye, suka koma motsa jiki a unguwar Fallowfield, inda aka ɗauki wani hoto da ya shahara, suna zaune a bayan allon da suka rubuta wa kansu sunan ƙungiyar korarru. Watanni kaɗan ke nan da suka ci kofin FA.

An sasanta ana dab da buɗe sabuwar kaka. FA ta sake amincewa da ƙungiyar, aka sassauta batun ladan nasara, amma iyakar albashi ta zauna daram, 'yan wasan kuma suka kaɗa ƙuri'ar fasa shiga tarayyar ƙwadagon. Meredith ya ɗauki wannan a matsayin shan kaye, kuma ya daɗe yana ƙorafin cewa 'yan ƙwallo ba su damu da gobensu ba.

A wannan shekarar ce kuma gobara ta cinye shagonsa na kayan wasanni a tsakiyar Manchester, har kotu ta ayyana shi a matsayin wanda ya karye.

Ƙungiyar dai ba ta mutu ba. Ita ce ta zama PFA, wadda ake ɗauka a matsayin ƙungiyar ƙwararrun 'yan wasa mafi daɗewa a duniya.

Wasan da aka hana shi ƙwallo

Shekaru 10 bayan rigimar Villa, Meredith ya sake samun kansa a tsakiyar wata badaƙalar, wadda ta fi ta farko muni.

Ranar 2 ga watan Afrilun 1915, Juma'ar da ke gabanin bikin Ista, United ta karɓi baƙuncin Liverpool a Old Trafford. United na fuskantar barazanar faɗawa rukuni na biyu, Liverpool kuwa tana tsakiyar tebur. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya shiga wata na takwas, kuma kowane ɗan wasa ya san za a dakatar da gasar a ƙarshen kaka, albashi ya yanke, wasu kuma su tafi fagen daga.

United ta ci 2 da nema, George Anderson ne ya zura duka biyun. Amma 'yan kallo sun ga abin da bai kwanta musu ba. An ba United bugun fenareti, Patrick O'Connell ya buga ta can gefe nesa da raga. Ana dab da tashi Fred Pagnam na Liverpool ya buga wata ta daki ƙarfen raga na sama, sai aka ga wasu abokan wasansa suna yi masa faɗa.

Ba a jima ba kamfanonin caca suka koka cewa an zuba kuɗi masu yawa a kan cewa wasan zai tashi 2 da nema daidai. Binciken FA ya gano cewa 'yan wasa daga ɓangarorin biyu sun haɗa baki, kuma an nuna Jackie Sheldon na Liverpool, wanda tsohon ɗan United ne, a matsayin jagoran shirin.

A watan Disamban 1915 aka haramta wa bakwai daga cikinsu wasa har abada: Sheldon da Tom Miller da Bob Pursell da Tom Fairfoul daga Liverpool, sai Enoch West da Arthur Whalley da Sandy Turnbull daga United.

Meredith ya buga wasan daga farko har ƙarshe, amma ba a same shi da laifi ba. Bayanin da ya yi shi ne bai san da shirin ba, sai dai ya fara zargin akwai lauje cikin naɗi da ya ga abokan wasansa sun ƙi ba shi ƙwallo. Ana iya fahimtar dalilinsu. Mutumin da ke iya haddasa ƙwallo ta uku a kowane lokaci haɗari ne ga wanda ya sa kuɗinsa a kan biyu, kuma mutumin da ya taɓa tona asirin kulob guda ba wanda za a kira taron sirri ba ne.

Bambancin badaƙalar biyu a fili yake. A 1905 an nemi sayen nasara ne domin kulob ya ci kofi. A 1915 'yan wasa ne suka sayar da sakamako domin aljihunsu, ta hannun 'yan caca, kuma irin wannan ne ya fi addabar wasanni daga baya, daga ƙwallon ƙafa zuwa kurket da zari-ruga.

Hukumar ta yanke cewa shugabannin kulob ɗin biyu ba su da hannu, don haka ba a rage wa kowa maki ba. United ta tsira da tazarar maki ɗaya tak a kan Chelsea. Da aka dawo gasar a 1919 aka faɗaɗa rukuni na ɗaya, aka bar Chelsea a ciki.

A wannan shekara aka yafe wa waɗanda aka hukunta saboda hidimar da suka yi wa ƙasa a lokacin yaƙi. Afuwar ba ta iske Turnbull ba. An kashe shi a yaƙin Arras da ke Faransa a watan Mayun 1917, kuma ba a ga gawarsa ba. Enoch West, wanda ya dage cewa ba shi da laifi har ya kai FA kotu ya sha kaye, shi kaɗai aka bari cikin takunkumi har zuwa 1945, lokacin yana da shekaru 59.

Tsufa a gefen dama

Yaƙin ya ƙare Meredith na da shekaru 44, amma bai ga dalilin barin wasa ba.

Ya fara buga wa Wales tun 1895, kuma yana cikin tawagar da ta ci gasar ƙasashen Birtaniya huɗu a karon farko a 1907. Ya buga mata wasanni 48, adadin da zai fi haka da kulob-kulob ɗinsa ba su riƙa hana shi tafiya ba. Abin da ya daɗe yana nema shi ne doke Ingila, kuma bai samu ba sai a wasansa na ƙarshe, a filin Highbury da ke Landan a watan Maris na 1920, inda Wales ta yi nasara da ci 2 da 1. Yana da shekaru 45 a ranar.

Wasansa na ƙarshe a United ya zo a watan Mayun 1921, yana da shekaru 46. Dangantakarsa da shugabannin kulob ɗin ta riga ta yi tsami a kan batun kuɗi, kamar yadda ta yi da na City a baya.

Daga nan ya koma City, inda Mangnall, mutumin da ya ɗauke shi daga can shekaru 15 da suka wuce, yake manaja tun 1912. A 1924 aka sake jefa shi cikin wasannin kofin FA, ya ci Brighton ƙwallo, City ta kai wasan kusa da na ƙarshe. A nan Newcastle ta fitar da su da ci 2 da nema. Kulob ɗin da ya fara karawa da shi a rigar City shi ne wanda ya rufe da shi, shekaru kusan 30 a tsakani.

Bayan ya bar fili ya taɓa aikin horarwa a wani kulob mai suna Manchester Central da bai yi tsawon rai ba, ya fito a wani fim a 1926, ya kuma riƙe gidan sayar da barasa a Manchester duk da cewa shi ba ya sha. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya tara masa dukiya.

Ya mutu ranar 19 ga watan Afrilun 1958 a unguwar Withington da ke Manchester, yana da shekaru 83. Birnin na cikin makokin haɗarin jirgin saman Munich da ya hallaka 'yan wasan United 8 a watan Fabrairun shekarar, saboda haka mutuwar tasa ba ta ja hankali sosai ba.

A wannan shekara ce iyakar albashin ɗan ƙwallo a Ingila ta kai fam 20 a mako. An soke dokar a watan Janairun 1961, bayan da ƙungiyar da ya kafa ta yi barazanar yajin aiki a ƙarƙashin jagorancin Jimmy Hill, kuma ba da jimawa ba Fulham ta fara biyan Johnny Haynes fam 100 a mako. A 1963 wata babbar kotu ta yanke hukunci a shari'ar George Eastham cewa riƙe rajistar ɗan wasa bayan ƙarewar kwantiraginsa tauye haƙƙin sana'a ne.

An binne Meredith a maƙabartar kudancin Manchester, inda kabarinsa ya shafe shekaru babu wata alama. Sai a 2001 ne PFA da hukumar ƙwallon ƙafa ta Wales da Manchester City da Manchester United suka haɗa kuɗi aka kafa masa dutse mai ɗauke da sunansa.